Wayar da Ka Ɗaura a Bututu

Niš, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ɗana Predrag,

Bayan gaisuwa ta uwa ga ɗanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Jamus, kai da matarka Jasna da jikata Tijana. Ni lafiyata lau, jiki da hankali, kuma ka riƙe wannan maganar domin a kanta na ɗauki alƙalami. Gwaggonka Stamenka gwiwarta ta yi sauƙi, har mun gasa tattasai mun cika kwalaben hunturu tare.

Wata uku ke nan da ka zo mini da sabon talabijin da ban roƙe ka ba, ka haɗa shi da kayan sautin marigayi babanka, ka sha kofi a tsaye ka kama hanya. Ko kunnawa ba ka tsaya ka yi ba. Tun daga ranar, da na kunna sai lasifikokin su kama ruri, buuu, kamar ƙudan zuma ya shiga tulu, har kaset ɗin da babanka ya rera waƙa ranar aurenka ba na jin muryarsa a ciki. Na kira ka, ka ce ba ka jin komai ta waya, kunnena ne. Na tambaye ka wane irin ciwon kunne ne yake tsayawa idan an kashe na'ura, ka ce in daina gardama. Ina jiyo matarka daga baya tana cewa haka innarta ta fara kafin ta manta sunayen 'ya'yanta. Bayan mako biyu sai ga takardar gidan tsofaffi, har da alamar fensir a inda zan sa hannu in bar gidan da na yi shekara arba'in da ɗaya a ciki. Ba zan ɓoye maka ba, ka sa na fara shakkar kaina. Ni da na yi shekara talatin a gidan waya ban taɓa kai wasiƙar wani akwatin wani ba, na koma ina ƙirga cokula don in ga ko ƙwaƙwalwata na nan.

Ranar Asabar da safe na hau sama na kira maƙwabcinmu Budimir, wanda ya yi aikin lantarki a masana'anta. Yana shigowa ya ce kunnensa na hagu ya mutu tun zamanin injuna, amma har shi ya ji wannan rurin. Ya rage sauti gaba ɗaya, ruri bai tsaya ba, ya ce to laifin ba na kaset ba ne. Ya zare dukkan wayoyi, ya riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Garmaho shiru. Kaset shiru. Yana mayar da ta talabijin, ruri ya dawo. Sai ya durƙusa bayan kabad, tsoho mai shekara saba'in da huɗu, ya zaƙulo wata wayar tagulla da ta tashi daga bayan na'urar ta je ta naɗe bututun ɗumama ɗaki, a daidai inda ka kankare fenti da wuƙar girkina. Yanzu na san abin da ya dakushe ta.

Ya yi mini bayani cewa wayar eriyar talabijin ta riga tana da hanyar saukar da wuta cikin ƙasa tun daga gindin benen, kai kuma da wayar tagullar nan ka buɗe hanya ta biyu, shi ya sa wuta take kewayawa tana kuka. Ya ce da na'urar ta lalace, da wutar ta bi bututun nan ta shiga kowane gida, har na matar da ke ƙasana mai shanya kayan jariri a kansa. Don ya rufa maka asiri ya ce ai kowa a tsofaffin benayen nan haka yake yi, kowane namiji injiniya ne a falonsa. Na ce masa nawa har da takardar jami'a, ni na yi ta guga bayan na tashi aiki na biya kuɗinta.

Ya yanke wayar, ɗaki ya yi tsit. Na sa kaset, sai ga babanka, har da tarin da yake yi kafin baiti na biyu. Budimir ya cire hularsa.

Kuskuren waya ba ya ba ni haushi, Predrag, kowa yana yi. Abin da ba zan haɗiye ba shi ne ya fi maka sauƙi ka ce uwarka ta zauce da ka ce bari in duba aikin hannuna. Tijana tana kallonka, kuma yara ba sa manta yadda aka bi da tsoho a gabansu.

Ranar sha huɗu ga Disamba babanka zai cika shekara da rasuwa. Zan dafa alkamar sadaka kamar yadda aka saba, a kunna kyandir a makabarta, mu dawo gidan nan mu saurare shi. In za ka zo, ka zo da kunnenka, ka bar fensir a can.

Ka gaishe da Tijana, ka ce kwalbarta ta tattasai na jiranta. Ka gaishe da Jasna, ka shaida mata ban manta sunanta ba. Gwaggonka tana gaishe ka, ban gaya mata komai ba don kada ka sha kunya a gabanta. Abin da ka ji yana da tauri a cikin ambulan ɗin nan wayarka ce ta tagulla, na naɗe ta a cikin takardar gidan tsofaffin.

Mahaifiyarka, mai jin komai sarai,
Radojka