Oga na son sirrin ƙugiyar Kawu

Anti Nadine, don Allah ki taimake ni kafin ranar Asabar. Na san mutane maganar aure da rikicin gado suke kawo miki, ni kuwa maganar ƙugiyar kamun kifi na kawo, amma ta hana ni sukuni. Na canza sunayen mutanen da zan ambata. Ban da sunayen babu abin da na taɓa, don ban iya ba da labari a karkace ba.

A watan Mayu na gama jami'a, awon ƙasa na karanta. Na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin safiyo a garinmu, kuma har yanzu ina cikin watannin gwaji. A ƙarshen watan nan mai kamfanin, bari in kira shi Mista Tidwell, zai yanke ko in zauna ko in kama gabana. Mutumin kirki ne, ban taɓa ganin ya ci fuskar kowa ba. Ranar da ya ɗauke ni ya ce abin da ya burge shi shi ne ba na cike lamba. In fili ya gaza ƙafa ɗari da inci biyu, haka zan rubuta.

Ɗaya mutumin shi ne Kawu Doyle, yayan mahaifiyata. Tun kafin a haife ni yake shiga gasar kulob ɗin garinmu ta kamun wani kifi da ake kira bas, tare da amininsa Mista Verlon, ɗaya a gaban jirgi ɗaya a baya. Bara ciwon baya ya kwantar da Mista Verlon. Maza uku a danginmu sun sa rai da kujerar bayan nan, Kawu ya tsallake su ya ba ni.

Ban sani ba ko kin san harkar fatsa, bari in bayyana. Akwai ƙugiyar da muke kira jig. Kanta dalma ne, tana da gezar roba da ke rufe ta kamar siket, da 'yan gasu masu tauri a gaban tsinin don kada ta sarƙe a ciyawa. A cikin ruwa kifi gani yake ɗan jatan lande ne ke rarrafe a laka. Kowane shago yana sayar da ita, amma babu mai mutunta kansa da zai jefa ta yadda ya ciro ta daga leda. A garejin Kawu muke gyara namu in na taso daga aiki. Mukan yanke zoben robar da aka ɗaure gezar da shi, don rana na cinye shi, mu ɗaure da siririyar wayar jan ƙarfe. Mukan datse gezar ta tsaya kwatan inci a ƙasan lanƙwasar ƙugiyar, mu rage gasun nan na gaba mu baza sauran da yatsa, mu wasa tsinin har sai ya kama farce. Nauyin kan rabin oza ne, fentinsa kore mai duhu, muna gasa shi a wata tsohuwar tandar lantarki da matar Kawu ta ce kada a kuskura a sake shigar mata da ita kicin.

Duk wannan kowa ya sani. Amma akwai abu guda da Kawu yake yi a ƙarshe, wanda bai taɓa nuna wa kowa ba sai Mista Verlon. Ranar da zai nuna mini sai da ya sauke ƙofar gareji. Ya ce, “Farfesa, wannan ko uwarki ce ta tambaye ki, ki ce mata kin manta.” Na yi dariya, shi bai yi ba. Ki yi haƙuri, ba zan faɗi abin a nan ba.

A gasar watan jiya mu muka zo na ɗaya, kifi biyar, laba goma sha tara da oza shida. Dukkansu da jig ɗin muka kama su, a gefen ciyawa, a ruwan da bai wuce ƙafa shida ba. Kafin mu iso wurin awon kifi sai Kawu ya kashe inji a bayan wani tsibiri, ya yanke ƙugiyoyinmu ya zuba a aljihu, ya ɗaura wa sandunan fatsarmu wasu fararen kifayen roba, har ya tsoma su a ruwa don su jiƙe, ya jera sandunan a saman jirgi inda kowa zai gani. Ashe haka kowa yake yi. Ina yarinya daga gaɓa nake kallo, ban taɓa lura ba.

Mista Tidwell shi ma ɗan kulob ɗin ne, shi ya zo na uku. Ya leƙo jirginmu ya ce, “Doyle, tsohon banza, yaushe ka koma jefa kayan wasan yara?” Kawu ya ce, “Tun da na ga da su kake kama 'yan mitsi-mitsin nan naka. Can tsakiyar tafki ne, ƙafa talatin, je ka gwada.” Aka kwashe da dariya. Tun suna firamare haka suke. Ni kuwa ina tsaye riƙe da jakar kifi, kunyar duniya ta ishe ni, don da idona na karanta na'urar zurfin ruwan.

Ranar Litinin da ta wuce muna cikin a-kori-kurar kamfani za mu awon wata gona, sai ya ce, “Injiniya, ke dai na san ba ki iya ƙarya ba. Da farin nan kuka kama su?” Kafin in yi tunani bakina ya ce a'a. Ya bugi sitiyari yana dariya, ya ce dama ya sani, jig ce ko? Na juya ina kallon taga, hakan kuma ya ba shi amsa. Sai ya ce in zo gidansa ranar Asabar, matarsa za ta soya tarwaɗa, zai nuna mini inda yake zuba dalmar ƙugiyoyinsa, in taho da akwatin ƙugiyoyina a ga abin da tsohon ya koya mini.

Anti, mutum irin Mista Tidwell in ya riƙe jig ɗin nan ya juya ta sau ɗaya, ya gane. Gasar ƙarshe ta bana kuwa mako guda ce bayan wannan Asabar ɗin. A jimillar maki Kawu ne a gaba, Mista Tidwell na biye da shi kurkusa. Abin da ake nema allon katako ne da ke rataye a shagon kayan fatsa, inda ake rubuta sunan gwanin shekara. Kawu ya sha zuwa na biyu, sunansa bai taɓa hawa ba, kuma likita ya ce kafaɗarsa sai tiyata in sanyi ya shigo. Shi bai ce bana ce ta ƙarshe ba. Matarsa ce ta ce.

Shekaranjiya na haɗa jig ta bogi a ɗakina, na shafa wa kanta jan farce, na ƙara mata geza shuɗiya, da niyyar in kai wa Mista Tidwell in ce ita ce. Na sa ta a gaba ina kallo. Mutumin nan saboda gaskiyata ya ɗauke ni. Na yi tunanin in ce ba ni da lafiya, ita ma ƙarya ce. Na yi tunanin in nuna masa ta gaskiyar, tunda ba doka zan karya ba, kuma kifi ba ya karanta suna a jikin ƙugiya. Jiya na je gareji da niyyar faɗa wa Kawu komai, ya miƙo mini almakashi yana ba ni labarin yadda ya tura Tidwell tsakiyar tafki, yana dariya har da hawaye. Geza uku na datse, duk na gajarta su, na dawo gida ban gaya masa ba.

Kuma ina ɗan jin haushinsa, in dai gaskiya zan faɗa. Ya san wa nake yi wa aiki. Me ya sa bai gaya mini abin da zan ce in an tambaye ni ba?

Ina tsoron rasa aikin, sosai ma, amma in na rasa zan nemi wani. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne wata rana Kawu ya sauke ƙofar garejin nan ina waje. Yaya zan yi?

'Yar Bayan Jirgi, arewacin Alabama

*

'Yata, ja kujera ki zauna, abin bai kai yadda kike ji a cikinki ba.

Marigayi mijina dattijon coci ne, kuma bai taɓa isowa wurin awo da abin da ya kama kifi a jikin sandarsa ba. Wannan ƙaryar ta bakin gaɓa wasa ce da kowa ya san dokarta. Mai faɗa ya san ba za a yarda ba, mai ji ya san ba don ya yarda aka faɗa ba. Ogan naki da kansa ya ce miki dama ya sani. Saboda haka ki daina yi wa kawunki kallon maƙaryaci. Amma ba dole ba ne ki shiga wasan. Akwai waɗanda murmushi kawai suke yi a wurin awo, kuma ba a taɓa korar su daga kulob ba.

Ta bogin nan da kika haɗa kuwa daban ce. Mutum ya kira ki gidansa, ya ciyar da ke, ya ce ya yarda da maganarki, ki miƙa masa abu ki ce shi ne, wannan ba wasan gaɓa ba ne, yaudara ce, kuma ke ma kin riga kin sani. Ranar da ya gane, kuma zai gane, ba ƙugiyar zai tuna ba. Duk takardar awon da kika sa wa hannu sai ya sake dubawa. Ki tsinke gezar ki mayar da kan cikin akwati.

Mista Tidwell yana da nasa laifin. Bai kamata wanda takardar aikinki ke hannunsa ya yi miki wannan tambayar a motar kamfani ba. Sai dai daga yadda kika kwatanta shi, ban ga mai barazana ba, na ga tsohon yaro da yake neman tsokanar abokinsa, ya manta cewa wasansa yana da nauyi a kan na ƙasa da shi. Kawunki ma haushin da kike ji yana bisa hanya. Ya ɗora miki amana bai nuna miki yadda ake riƙe ta a gaban mutane ba. Shi ya saba da Mista Verlon, wanda babu ogan da zai tsare shi a mota.

Ga abin da za ki yi. Kafin Asabar ki koma gareji, ki ɗauki almakashi don hannunki ya samu abin yi, ki gaya masa kamar yadda kika gaya mini: an tambaye ki, kin ce a'a, Tidwell ya san jig ce, bai san sauran ba. Zai yi faɗa, wataƙila ya zagi abokin nasa har kakanninsa. Ki bar shi ya gama. Abin da kika saki rabin mutanen tafkin sun riga sun yi zatonsa. Ya ji daga bakinki ya fi ya ji ana yi masa dariya da shi a shagon kayan fatsa, don a nan ne ƙofar za ta iya sauka.

Ranar Asabar ki je, kada ki ƙi gayyatar. Ki riƙa wa matar gidan wainar masara ko wani abin zaƙi, akwatin kuma ki bar shi a gida. Ki kalli inda yake zuba dalmarsa, ki yi masa tambayoyi, maza irinsa suna son a tambaye su. Maganar aiki ki ware mata rana a ofis, ki same shi ki ce kina son jin abin da ya rage ki gyara kafin ƙarshen wata. Ba zan yi miki alkawarin ba zai ji haushi ba, don ban san shi ba. Amma in har zai sallami ma'aikaciya mai kyau saboda ƙugiya, gara ki san haka yanzu da ƙuruciyarki.

Saura abin da za ki ce in ya miƙo hannu. Ki sake karanta wasiƙarki. Kin gaya mini nauyin kifi har da oza, kin gaya mini zurfin ruwa, kin gaya mini har tandar da aka kora daga kicin. Da kika iso kan abu gudan nan sai kika ce in yi haƙuri, ba za ki faɗa ba. Ba ki yi mini ƙarya ba, ba ki kuma ba ni abin da ba naki ba, kuma ban ji haushi ba, girmanki na ƙara gani. Haka za ki ce masa: “Yallaɓai, ka yi haƙuri, na Kawu ne, ba nawa ba. In kana so, ka san hanyar garejinsa.” Kin riga kin iya, a kaina kika gwada.

Allah ya tabbatar miki da aikinki, ya ba kafaɗar Kawu lafiya, ya sa bana a rubuta sunansa a allon nan kina tsaye a bayansa. Tarwaɗar kuma ki ci ki ƙoshi, ba ki ci amanar kowa ba.

Taki,
Anti Nadine