Gajimare a Dutsen Ɗa'ifa

Zuwa ga yayana Malam Garba, gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da iyali da duk mutanen gida. Yaya damina? Mu nan Makka lafiya lau, sai zafi.

Makon jiya na raka maƙwabcina zuwa garin Ɗa'ifa, can kan duwatsu. Muna hutawa cikin itatuwa, birai suna kallonmu, sai gajimare ya sauko ya lulluɓe mu, har gemuna ya jiƙe. Ban san lokacin da na durƙusa na tona ƙasa da yatsa ba, in ji ko ta isa shuka. Maƙwabcina ya yi ta dariya. Shekara goma sha biyu rabona da fartanya, Yaya, amma hannuna bai manta ba.

Gonar nan tawa da na ce a sayar, a dakata tukuna. Ku sa ni a addu'a, a gaishe min da Inna.

Ƙaninka, Sule