Ɓurɓushin Ƙarfe a Farin Ƙyalle

Talata, bayan isha'i. Rijiyar Lemo.

Yau na karɓo kan injin tsohuwar akori-kurata daga wajen masu gogewa a Sabon Gari. Sun goge shi, amma sun bar ɓurɓushin ƙarfe a hanyoyin mai. Haka aikin ƙasar nan yake, rabi da rabi. Ƙwaya ɗaya in ta bi baƙin mai, injin ya tafi ke nan, kuma da motar nan na yi wa matata Binta alkawarin kai ta Maiduguri ta ga Innarta tun tsohuwar tana gane mutane.

Sau uku na wanke shi da kananzir a tsakar gida, na ce ya fita tas. Binta na gefe tana tsintar shinkafa, ta ce, "Malam, sa tabarau mana." Na ce ni da na shekara ashirin ina kula da injinan masaƙa kafin a rufe ta a watsar da mu, ba mai koya mini aiki.

Ta matso da faifan shinkafarta. Ta yagi farin ƙyalle, ta naɗa a tsinken tsintsiya, ta murza cikin wani rami. Ya fito yana ƙyallin ɓurɓushin ƙarfe.

"Shekara talatin kana cin shinkafata," in ji ta, "ka taɓa tauna tsakuwa?"

Ban taɓa ba. Na ba ta kujerata, na karɓi faifan. Ita ta ƙarasa ramukan, ni na tsince shinkafar.

Da muka zauna ci, ina jin ta ta tauna tsakuwa har sau biyu. Ta ci gaba da cin abincinta.