Agogona Yana Gaba

Juma'a, 13 ga Mayu 2022

Yau ma babu. Na zauna gaban rediyo tun bayan La'asar har aka kira Magariba, allon ordinata, wato kwamfuta, fayau, ko layi ɗaya bai fito ba. Abokina Laouali yana can Zinder yana kira, ni ina nan Zongo ina kallon farin allo.

Tun shekarar da aka yi babban taron ƙasa na samu lasisi na kafa eriya a kan rufi ba tare da tsoron a ce ni ɗan leƙen asiri ba ne, ba mu taɓa fashin Juma'a ba sai da dalili. Morsi, irin bugun talgiram, muke bugawa, yadda aka koya mana a makarantar PTT ta ma'aikatan gidan waya muna samari. Nakan gane hannunsa tun kafin ya faɗi lambarsa, yana jan dogon sauti kamar mai jan carbi. Bara ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya tafi, hannun dama ya tafi. Ni kuma kunne ya yi nauyi, kuma Zongo ta cika da ƙara: gurup, wato janareta, na kowane shago, cajar waya, fitilun nan masu arha. In na sa abin sauraro ba na jin komai sai shuuu, kamar ana suyar ƙosai.

Shi ya sa 'yarsa Saoudatou ta ɗora masa wannan manhaja. Wai tana tsamo sigina daga ƙarƙashin ƙara, wadda kunnen mutum ba ya ji, kuma da yatsa ɗaya na hagu ma ana aikawa. Ni ma na ɗora a tsohuwar ordinatar da 'yata Labiba ta kawo mini daga biro ɗinsu, wato ofis. Wata biyu ke nan. Shirme.

Asabar, 14 ga Mayu

Gwiwa. Ban fita ba sai masallaci.

Litinin, 16 ga Mayu

Saoudatou ta kira a waya. "Baba Mansir, Baba ya rubuta a allo da hagu, wai in tambaye ka ko fushi kake." Na ce fushin me? Ta kara masa wayar a kunne, na yi ta magana, ba na jin komai sai numfashi. Ta ce ya ture wayar. Ba ya son a ji shi haka. Na san shi, mutumin da ko tari ba ya yi a gaban jama'a.

Ta ce abinci ya ragu. Ta ce ranar Juma'a kaɗai yake yarda a zaunar da shi. Ban tambaye ta abin da likita ya ce ba.

Na karanta bayanin manhajar da faransanci sau biyu. Abin da ya fi ba ni haushi: saƙon da mutum zai rubuta da kansa haruffa goma sha uku ne kawai. Ina gajiya, ina iyali, ina ruwa, duk a cikin goma sha uku? Wanda ya ƙirƙiro abin nan bai taɓa gaida kowa ba.

Laraba, 18 ga Mayu

Na zargi eriya. Tidjani tela, mai shagon da ke ƙofar gidan nan, ya hau rufi ya ɗaure wayar da iska ta sassauta. Yana sama yana ihu: "Baba PTT, in na faɗo kai za ka ɗinka kayan mutane!" Da ya sauko ya ce, "Ka bari in riƙa biyo maka zuwa masallaci mana, hanya ɗaya ce." Na ce ina da ƙafa. Ya ce, "Ƙafa ɗaya da rabi." Mara kunya. Shekararsa hamsin da wani abu amma baki kamar na 'yan zemijan masu haya da babur.

Ba na bukatar ɗan rakiya. Agogon bangona yana gaba da minti goma tun rasuwar matata Lantana, ita ce mai tashina a da. In ya nuna lokaci na tashi, in yi alwala a hankali, in taka a hankali, in isa sahun farko kamar kowa. Agogon hannu ma haka, na ordinata ma haka. Da hannuna nake saita shi duk Juma'a da safe ya bi na bango. A PTT an koya mana cewa agogo biyu ba sa saɓani a ɗaki ɗaya.

Asabar, 21 ga Mayu

Jiya babu. An yi ruwa, kuran, wato wutar lantarki, ya tafi ya dawo, ya sake tafiya. Labiba ta ce za ta zo daga unguwar Fidjrossè, ba ta zo ba. Hanya ta cika da ruwa, in ji ta. Gaskiya ne kuma.

Talata, 24 ga Mayu

Sabon zubin manhajar ya fito. Na sauke ta wayata, ya cinye mini kiredi kaf. Jerin sababbin abubuwa shafi guda: launuka, tacewa, tono siginar da ta fi rauni, da wasu da ban tsaya karantawa ba.

Na kunna da yamma, sai ga layuka suna zubowa! Brazil, Italiya, wani a Japan. Japan, daga rufin kwano a Zongo! Na tashi tsaye ban san na tashi ba. Na leƙa taga na ce wa Tidjani aikinsa ya yi kyau. Ya ce, "To a biya ni da goro."

Ina cikin kallo sai na ji liman ya ta da sallar Magariba. Sai a lokacin ma agogon allo ya kai lokacin da nake tashi. Kafin in yi alwala in ja ƙafa, an sallame. Na yi salla ni kaɗai a baranda, mutane suna fita suna tsallake sandata. Wani ya ce, "Alhaji, lafiya dai?" Kunya ta kama ni kamar yaro.

Na dawo na bincika. Ashe cikin sababbin abubuwan har da gyara agogo da kanta. Ta mayar mini da shi baya, ba sallama ba izini. Na kashe wannan wurin, na mayar da agogona yadda yake. Injin da bai san Magariba ba ba zai koya mini lokaci ba.

Juma'a, 27 ga Mayu

Babu. Babu Japan, babu Brazil, babu Laouali. Na zagi eriya, na zagi Tidjani a zuci, na zagi masu gurup. Na kusa jefa linzamin ta taga.

Saoudatou ta turo saƙo: ya zauna har rana ta faɗi, sannan ya nuna a kwantar da shi.

Lahadi, 29 ga Mayu

Ina shan koko abin ya faɗo mini. Ranar Talata kaɗai allo ya yi magana, ranar Talata kaɗai agogo ba nawa ba ne.

Na koma bayanin. Yana nan a shafin da na tsallake: tashoshi suna aikawa da saurare bi da bi, kowa a kan daƙiƙa ɗaya a duk duniya. In agogonka ya kauce da daƙiƙa biyu ma, kana sauraro ne lokacin da maganar ta riga ta yi nisa. Ni kuwa da yatsa nake saitawa, ina kallon bango, daƙiƙa ta faɗa inda ta ga dama.

Na kunna wurin gyaran. Layuka suka zubo. Na kashe na saita da hannu, shiru. Na kunna, suka dawo.

Ban ci abincin rana ba.

Laraba, 1 ga Yuni

Matsalar ita ce in na zauna gaban allo na ba bango baya, kuma lambobin agogon hannu sun yi wa idona ƙanana. Na gwada lissafi a ka, in tashi da wuri. Yau na makara La'asar, raka'a ɗaya na samu. Kai ba ya riƙe abu biyu yanzu.

Saoudatou ta ce zazzaɓi ya kama shi. Ba ta sani ba ko zai iya zama jibi. Na ce ta gaya masa laifin daga nan ne, an gyara. Ta ce, "Me ya lalace, Baba?" Na ce wani abu ne a cikin injin.

Juma'a, 3 ga Yuni

Laouali ya zauna. Saoudatou ta jingina shi da matasai.

Bayan La'asar kaɗan lambarsa ta fito a tsakanin wani Bafaranshe da wani ɗan Spain, siginar can ƙasa, wadda ko a ƙuruciyata kunnena ba zai kama ba. Na danna. Injina suka yi musayar lambobinsu, abin da na raina. Sai layi na gaba ya fito: SANNU MANSIR.

Na daɗe ina kallo. Na shirya gaisuwa mai tsawo tun watan jiya, babu wadda ta shiga. Na rubuta INA JIN KA. Ƙarya ce, ba na jin komai sai suyar ƙosai. Ya mayar: KA MAKARA.

Tsohon banza. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Ina goge ido aka buga ƙofa. Tidjani ne. "Baba PTT, an kusa kira, taso." Jiya na ce masa in yana wucewa ya ɗan taɓa ƙofar, don Juma'a kaɗai, saboda aikin rediyo. Ya riƙe mini gwiwar hannu a wajen kwatar da ruwa ya cika. Na bar shi, don santsi.

Asabar, 4 ga Yuni

Batirin agogon bango ya mutu. Zan saya in na samu fita. Tidjani ya buga ƙofa da Azahar, da La'asar, da Magariba, alhali yau ba Juma'a ba ce. Duk sau ukun na ɗauki sandata na bi shi.