Kan Sarki Mai Raƙumin Dawa

Jibiya, 3 ga Maris, 1975

Zuwa ga Baba Maharazu a Maraɗi,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Rabi'a na gaishe ka, ta yi nauyi, sai addu'a.

Baba, 'yan safiyo sun zo, za a faɗaɗa hanyar kan iyaka. Sun shafa jan fenti a katangar gidan da ka sayar mini. Sun ce marar takarda mai hatimi ba shi da diyya. Na je Katsina biyan kuɗin hatimin, akawu ya ce sai ka dangwala yatsa bisa kan sarki tukuna. Ga takardar nan na ba direba.

Ɗanka,
Ya'u

*

Maraɗi, 11 ga Maris

Ya'u,

Bayan gaisuwa. Shekara arba'in ina dillancin shanu, da musafaha nake rufe ciniki. Yau kai da na yi wa huɗuba kake neman yatsana. To, ga shi. Na sa an sayo kan sarkin da ya fi tsada a gidan waya, kada akawunka ya raina mu.

Maharazu, da hannun mai rubutu

*

Jibiya, 19 ga Maris

Baba,

Gaisuwa da ban haƙuri. Maganarka ta ishe ni, gwamnati ce ba ta san ka ba.

Akawu ya yaba kan sarkin ƙwarai, har ya kira abokan aikinsa su ga raƙumin dawan da ke jiki. Sannan ya miƙo mini, ya ce na Nijar ne, wannan raƙumi ba ya kiwo a nan. Ya ba ni kwana goma in kawo sabuwar takarda.

A mota na yi ta duban takardar. Babban yatsanka na dama yana da tabon igiya, tun ina ƙarami na san shi. Shatin yatsan da ke takardar ba tabo, kuma ya goge gefe guda kamar riƙe hannun aka yi aka danna. Baba, lafiya kake? Takarda ta jira, wannan nake son ji.

Ɗanka,
Ya'u

*

Maraɗi, 24 ga Maris

Ya'u,

Idonka bai canza ba. Hannun dama ya shanye tun kaka, ban bari labari ya ƙetara iyaka ba.

Takarda ba za ta jira ba. Ka taho da ita da kan sarkinku, kada ka tsaya cin kasuwar Lahadi. Hannun hagun ma ya fara nauyi.

A gaishe da Rabi'a.

Babanka