Launin Yaya Kotone

Zuwa ga Gwaggo Tomoe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, kuma ciwon bayan nan ya yi sauƙi, Allah ya ƙara miki lafiya. Mu nan Fukuoka kowa ƙalau. Baba ya koma aiki, Mama ta gode da tuffan da kika aiko daga Aomori.

Gwaggo, akwai maganar da na kasa faɗa wa kowa a gida. Kin san shekara huɗu Yaya Kotone tana cikin ƙungiyar waƙa da rawa, inda kowace yarinya take da launinta, nata ruwan ɗorawa ne. Duk lokacin da ta fito, masoyanta sukan ɗaga fitilu masu launinta. Tun da ta ji ciwo a gwiwa ta daina iya juyi, sai shugabar ƙungiya ta sanar cewa ƙarshen watan nan za a yi mata bikin yaye, wato na barin ƙungiyar. Yaya ta yi murmushi a gaban mutane, amma a gida ko shinkafa ba ta gamawa.

Ni wata biyar ke nan ina koyo a ƙungiyar, a layin baya, inda ba mai ganina, kuma hakan ya fi mini. Ranar Talata shugabar ta kira ni ta ce ni zan gaji launin Yaya, kuma bisa al'ada Yaya ce za ta ɗaura mini ƙyalle mai launin nan a kan dandamali. Na so in ce a'a, amma ban taɓa musa wa babba ba. Na sunkuya na yi godiya. Sauran 'yan matan har sun fara tsokanata saboda rashin maganata, wai ga kurma ta ci gado da ran mai shi.

Kwana uku ina ɓoye mata. Jiya da rana ta same ni a tsakar ɗaki, ta ce in tashi, wai in ina rawa ƙafata ta hagu kamar ta agwagwa take. Ta nuna mini juyin nan sau uku da gwiwar da likita ya hana ta takawa. Da ta gama ta ce, "Wasu za su kashe fitilunsu idan kin fito. Kar ki tsaya." Ashe ta sani. Daga nan ta shiga ɗakinta ta rufe, har yau ba ta sake yi mini magana ba.

An ce ɗan'uwa rabin jiki, to ni nawa rabin ne yake ciwo. Don Allah Gwaggo ki zo ranar bikin. Ba don ni ba. Idan ta ɗaura mini ƙyallen za ta sauka ita kaɗai, mu kuwa sai mun ƙarasa waƙa biyu. Ki tsaya mata a gindin matakala.

Ki gaida Kawu Shigeru da Kaka Hatsue, da ƙaramar Mio.

Taki 'yar,
Chiyori