Rigar Girman Lawali Gola

Belbeji, 3 ga Afrilu 1982

Zuwa ga matata Raishatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya ruwan jego, yaya kwanan jaririya? Ki gaida mini Inna da Baba da duk mutanen Damagaram. Ni lafiya lau, sai zafin bazara da kewarku.

Albishirinki: Lawali ya dawo gida! Kin tuna shi, mai tsaron gidan Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, wanda nake cika miki kunne da sunansa duk ranar da ake wasa a rediyo. Shekara goma sha wani abu yana tsare ragar ƙasar nan, yanzu gwiwa ta ce ya isa haka. A Yamai an rataya masa lambar girma tare da sauran tsofaffin ƴan wasa, mu kuma ƴan ƙungiyar matasa ta Samariya muka ce ba za a girmama ɗanmu a can mu zauna shiru a nan ba. An ɗinka masa babbar riga, kwamanda mai mulkin yankin nan ya yarda zai zo. Ni kuma na kawo shawarar mahaifinsa, Baba Mailafiya, shi zai saka masa ita a fili, ya kira sunansa a lasifika. Har mai shela ya zaga da maganar ranar kasuwa.

Jiya ya leƙo lakwal, makarantar da nake koyarwa. Da kin ga yarana! Ya ɗauki ƙwallon tsummansu ya koya musu yadda ake faɗuwa ba a karya hannu ba. Ya ce mini akwai aiki yana jiransa a Yamai, amma zuciyarsa tana son zama nan ya horar da su. Ki taya ni addu'a.

Mijinki mai begenki,
Ila


Belbeji, 11 ga Afrilu

Raishatu,

Ina gaishe ki, ina fatan ke da yarinyar kuna lafiya. Ni dai jikina lafiya, hankalina ne ba a kwance ba.

Tun ranar shelar nan Baba Mailafiya ya ɗaure jakinsa ya tafi bukkarsa ta gona wajen Tarka, bai dawo ba. Da na je gidan, ƙanwarsa Gwaggo Asibi ta wanke ni tas. Ta ce Lawali ɗan fari ne, tun haihuwarsa tsohon bai taɓa kiran sunansa ba, a hannun kaka ma ya tashi, shi ne mu ƴan lakwal za mu miƙa masa lasifika gaban gari? Wallahi kunya ta kama ni. Ni da ko a takardar nan hannuna ya kasa rubuta sunan ƴarmu ta fari, murna ta mantar da ni.

Abin da ya fi damuna Lawali ne. Ya bar gida yana yaro, ya daɗe cikin mutanen birni, kuma ya san tsohon bai so ya bar noma ya shiga gajeren wando ba. Shi a ganinsa wannan tafiya ba kunya ba ce, fushin nan ne har yau bai huce ba. Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Ya ce zai tsaya bikin don kada a kunyata Samariya, amma motar da za ta tashi bayansa da shi za ta tafi. Har ya ɗaure kayansa.

Yaran ba su sani ba tukuna. Kullum suna tambayata yaushe za a fara.

Naki,
Ila


Belbeji, 19 ga Afrilu

Matata Raishatu,

Gaisuwa da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gida duka. Yau dai na ci tuwo na ji daɗinsa.

An yi biki. Kujerar da muka ajiye wa tsoho babu kowa a kanta, sai sarkin samari ya saka wa Lawali rigar, Gwaggo Asibi ta rangaɗa guɗa har kwamanda ya zabura. Lawali ya yi godiya, amma fuskarsa ba walwala. Daga nan aka yi wasa da samarin Tarka, ya tuɓe rigar ya shiga raga.

Ana cikin wasa na hango wani tsoho can bayan ragarsa, ƙarƙashin aduwa, da jaki da kayan kara, ashe Baba Mailafiya ne. Ya ba fili baya, wai gyaran igiya yake. Raishatu, igiyar nan ba ta gyaru ba har aka tafi hutun rabin lokaci aka dawo. Can wani ɗan Tarka ya sako wata ƙwallo mai zafi, Lawali ya tashi sama ya cafke ta, ya faɗo kan mugunyar gwiwar. Bai tashi da wuri ba. Sai ga tsoho ya saki igiya ya taho da sauri, kara na zubewa bayansa. Ya kusa bakin fili sannan ya ga idon mutane, ya tsaya cak, ya juya ya hau jakin da faɗa kamar shi ya yi laifi. Lawali yana kwance, amma fuskarsa tana wajen. Ya gani.

Washegari Gwaggo Asibi ta same mu a lakwal ɗauke da sabuwar hauya, doguwar nan da ake noma da ita a tsaye. Ta ce yayanta ya ce a gaya wa wancan mai tsalle-tsallen, gonar da ke kusa da rijiya tasa ce, ya share ta kafin ruwa ya sauka, kuma da wannan hauya ba sai ya durƙusa ba. Lawali ya karɓa hannu biyu, ya fita bayan aji ya daɗe.

Motar Damagaram za ta tashi da safen nan, takardar nan ce kawai za ta shiga, ban da Lawali. Ranar Alhamis zai fara da yaran, sai dai ya ce da sharaɗi: duk mai son ya koyi tsaron gida, sai ya fara zuwa sharar gona.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan yarinyar. Allah ya kawo ku lafiya.

Mijinki,
Ila